Dalma a Jinin Ɗigo

Tun daga bakin ƙofa na ji ƙamshin sabulu, gabana ya faɗi. Dakta, malamata, tana bayana riƙe da akwatin kwalabe, ni kuma na tsaya cak kamar wadda ta yi ɓatan gida. Simintin tsakar gidan yana ƙyalli, da sauran danshi a lungu-lungu. An wanke tagogi, an goge bango iya inda hannu ya kai, an sauke labule an shanya a igiya. Yayata ta fito tana murmushi da idanun wadda ta kwana a kujerar asibiti, ta ce mu shigo, mu yi haƙuri da gidan, ba ta samu ta gyara shi yadda ya kamata ba.

'Yarta ce a kwance a asibiti. Muna kiranta Ɗigo saboda ƙanƙantarta ranar da aka haife ta, kuma ba ta cika shekara biyu ba. Ta fara da ƙin abinci da kukan ciki, sai 'yan kalmomin da ta koya suka gudu ɗaya bayan ɗaya, sannan wata safiya ta sanƙame a hannun uwarta. Da aka auna jininta aka samu dalma, ba kaɗan ba. Likitan ya ɗora ta a kan maganin da ke janyo gubar ta fita ta fitsari, amma bai ɓoye mana komai ba. Ya ce in ta koma gida ta tarar da abin da ya ba ta gubar yana nan, duk wahalar ta tashi a banza, kuma karo na biyu ba ya zuwa da sauƙi. Asibiti na iya auna jini, ba ya iya auna gida. Ni kuwa ina digiri na biyu a sashen sinadarai na jami'a, aikina neman ƙarafa masu guba a ruwan rijiya. Shi ke nan duk idanu suka juyo kaina, ni da ko a taron gida ba a cika jin muryata ba.

Da ƙyar na iya kai maganar gaban Dakta, malamar da ke duba bincikena. Ba ta bari na gama in-inata ba ta ce za ta zo da kanta. Na kira Yaya na gaya mata, na ƙara da cewa ta bar gidan yadda yake. Ashe ita ta ɗauki wannan a matsayin abin da kowane baƙo ke faɗa don kara. Babbar malamar jami'a za ta shigo ɗakinta, ta ce, ina za ta sa fuskarta in aka ga ƙura a bayan ƙofa? Ta bar mijinta a wurin yarinya, ta zo ta yi ta dirza tun da sassafe.

Dakta ta shafa yatsa a gefen taga, ta duba, babu komai. Ta yi wa Yaya sannu da aiki cikin fara'a, sannan ta matso kusa da ni.

"Ke kika ce mata ta share?"

"Cewa na yi ta bari, Dakta."

"Da wace murya?"

Ƙurar da muka zo nema, wadda ita ce za ta nuna mana abin da yarinya ke taɓawa tana kaiwa baki, ta riga ta bi magudana.

Duk da haka muka ɗebi abin da ya samu. Ruwan famfo da na duro, ƙasar bakin ƙofa, 'yar ƙurar da ta tsira a saman durowa da bayan firji. Na kankare fentin bango, na gutsiri gefen tukunyar da ake dafa wa Ɗigo abinci, na tattara kayan wasanta na roba. Yaya da kanta ta ɗauko rigar aikin mijinta ta miƙo mini ba tare da ta kalle ni ba. Shi mai walda ne, yana da shago a layin masu ƙera ƙofofi, kuma tun ranar da likita ya tambayi sana'arsa ta daina haɗa ido da shi.

Ɗakin gwajinmu yana hawa na biyu, dogo ne, da warin asid da ba ya barin tufafi. Komai da ba ruwa ba sai an narkar da shi kafin na'ura ta iya karanta shi. Sai a sa a kwalba mai faɗin gindi, a zuba asid, a ɗora a kan faranti mai zafi a cikin akwatin da ke zuƙe hayaƙi, a zauna ana kallo har jan hayaƙin ya ƙare. Daga nan a tace, a kai wa na'urar. Ita kuma tana zuƙar ruwan ta wani siririn bututu, ta fesa shi cikin harshen wuta, ta haska fitila ta tsakiyar wutar. In akwai dalma, takan shanye wani abu daga hasken, lamba ta hau a kwamfuta.

Wutar da gas take ci, gas ɗin kuma yana hannun mutumin da ke kula da na'urar, wanda ɗalibai ke kira Oga Makulli saboda tarin makullan da ke ƙara a ƙugunsa. Kafin ya kunna mini ya buga agogon silinda da farce, ya nuna mini allurar tana gab da ja. Ya ce sabuwar silinda ba za ta iso ba sai bayan hutu, don haka in yi wa kowane ɗigo lissafi.

Na jera kwalaben na fara. Ruwan famfo, babu. Ruwan duro, babu. Ƙasa da ƙurar durowa suka ɗan motsa lambar, irin motsin da za a samu a kowane gida da ke kusa da titi. Tukunya lafiya lau, bango lafiya lau, kayan wasa lafiya lau. Da na zo kan rigar aiki sai da na riƙe numfashi, don ban san abin da nake roƙo ba. Ita ma ta ɗan ɗaga kaɗan ta tsaya, bai kai abin da zai kwantar da yaro ba. A wata rana irin wannan sakamako abin murna ne. Ranar nan kowace kwalba mai tsabta ji nake kamar an rufe mini ƙofa.

Oga Makulli ya kashe wutar, ya sake duba allurar.

"Kunnawa ɗaya ta rage miki, ita ma gajeruwa. Ki zo da abin da kika tabbata."

Ni kuwa babu abin da na tabbata. Da yamma likitan ya tare ni a baranda ya ce dalmar jinin tana sauka, maganin ya kusa ƙarewa, kuma a ƙarshen mako zai sallame su don akwai masu jiran gado. Ya tambaye ni ko mun samu wani abu. Na ce muna kan aiki. Ya yi mini irin kallon da ake yi wa ɗalibar da ba ta yi karatu ba, ya wuce.

Washegari ni ce da zaman jinya. Na tarar da Yaya ita kaɗai. Ta ce Baban Ɗigo ya tafi shago tun safe, wai yana da aikin da ba ya jira. Na gaya mata rigarsa ba ita ba ce. Maimakon ta ji daɗi sai ta fashe da kuka marar sauti, ta ce to in ba shi ba ne ita ce ke nan, wani abu ne da take ba yarinyar da hannunta. Ta fara lissafa mini abin da take dafawa, da sabulun wanka, da man shafawa. Na bar ta tana yi, don ban san yadda ake tsayar da mai kuka ba.

Ɗigo ta farka a lokacin. Ta samu ƙarfi fiye da kwanakin baya, har ta kama ƙarfen gadon asibitin ta miƙe tsaye tana rawar ƙafa. Ta kalle ni, ba ta ce Anti ba kamar da. Sai ta karkata kai gefe, ta buɗe baki ta kama ƙarfen sama da haƙora, ta shiga gurza shi daga wannan gefe zuwa wancan. Ba irin cizon yaro mai wasa ba ne. Yadda ta gyara tsayuwa, da yadda ta san inda za ta sa haƙori, ya nuna abu ne da ta daɗe tana yi.

Na tambayi Yaya ko haka take yi a gida. Ta share hawaye ta ce ai tun da haƙora suka fara fito mata ba ta da wani aiki, duk ta cinye gadonta.

A nan na tuna. A ɗakin Yaya, kusa da taga, na ga wuri fayau da tabo huɗu a kan leda, na ɗauka kujera aka gusar. Na san gadon. Baban Ɗigo ne ya ƙera shi da hannunsa tun tana ciki, na ƙarfe, mai launin ruwan ƙwai mai haske, har da 'yar tauraruwa a kai. Ban gan shi ba ranar da muka je, kuma ban tambaya ba.

"Yaya, ina gadon?"

Ta ɗan sunkuyar da kai. Ta ce duk ya kwaile kamar mai ƙazuwa, ba abin da za a bari baƙuwa ta gani ba ne, shi ya sa ta sa aka fitar da shi kafin mu iso. Sannan ta rage murya, kamar mai ba ni labari mai daɗi a ɓoye. Aikin da ba ya jira ɗin ke nan. Ya kai gadon shago zai gurje shi tas, ya sake masa fenti da sauran gwangwanin da ya rage, don Ɗigo ta koma gida ta tarar da shi sabo.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na kira wayarsa tana ta ringi ba a ɗauka. Yaya ta ce in injin gurzar ƙarfe yana aiki ko aradu ba ya ji. Na ɗauki jakata, wadda kullum akwai safar hannu da 'yan ledojin samfuri a ciki, na fita ina jin tana tambayata lafiya.

Tsakanina da mijin Yaya gaisuwa ce kawai da tsokana, kuma tsokanar daga gefensa take zuwa. Farfesa yake kirana tun ina sakandare. In ya ce Farfesa an tashi lafiya, sai in ce lafiya lau in nemi hanyar kicin. A cikin mota na yi ta haɗa jimlar da zan faɗa masa, tana rushewa. Ta yaya ake gaya wa mutum cewa wataƙila abin da ya ƙera da hannunsa ne ya kwantar da 'yarsa, alhali ni kaina ban tabbata ba?

Layin nasu ƙara ce ta ko'ina, guduma da tartsatsi. Na hango shi a ƙofar shagonsa a sunkuye, da baƙin gilashi a ido da tsumma a hanci. Gadon yana kwance a gefensa. Ɓangare uku sun riga sun koma farin ƙarfe, ƙasa kuma ta yi ruwan ƙwai da gari, har kan takalmansa. A kan benci ga gwangwanin fenti, an ɓalle murfin an ɗora buroshi a kai.

Na yi sallama bai ji ba. Na ƙara, bai ji ba. Injin yana tafiya kan ƙarfen sama na ɓangaren ƙarshe. Na duba na ga inda wayar injin ta shiga bango, na je na fizge ta.

Shirun ya sa maƙwabtansa suka ɗago. Ya ture gilashin sama, ya gan ni riƙe da wayar, fuskarsa ta canza.

"Ɗigo ce?"

"Lafiyarta ƙalau, har ta miƙe. Yaya, don Allah ka ajiye injin nan."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya ɗan yi dariya, ya ce Farfesa yau kuma da fashin wuta aka zo? Na tambaye shi inda ya samo fentin. Ya ce ragowar wani aiki ne da ya yi wa masu manyan motocin gini, fenti ne na gaske, wanda rana da ruwa ba sa ci, ba irin na kasuwa da ke dusashewa ba. Ya ce da gangan ya ɓoye shi don 'yarsa. Yana faɗa yana kallon fuskata, maganar tana rage gudu, har ta tsaya.

Na ce masa irin wannan fenti wani lokaci da dalma ake haɗa launinsa. Na ce ban sani ba tukuna, sai na auna. Na ce Ɗigo tana gurzar ƙarfen da haƙora. Ban tsaya ba, don na san in na tsaya ba zan iya ci gaba ba.

Ya kalli garin da ke ƙasa, ya kalli hannunsa. Wani maƙwabcinsa ya leƙo yana tambaya ko lafiya, ya ɗaga masa hannu ya koma. Sannan ya juyo da gadon ta yadda zan ga abin da ya saura. Tsawon tafin hannu ne kawai injin bai kai ba, kuma a jikinsa ga sawun haƙora nan ƙanana, layi-layi, wasu har sun tono ƙarfe.

Na sa safar hannu na kankare wurin da reza cikin leda. Na ɗebi garin ƙasa a wata, na ɗiba daga gwangwanin a kwalba. Na roƙe shi kada ya share, kada ya hura, kada ya tafi asibiti da waɗannan kayan a jikinsa, kuma kada buroshin nan ya taɓa komai har in dawo. Ya gyaɗa kai kawai. Da na juya zan tafi ya ce in bai kamata ya jira ba in gaya masa yanzu, shi zai iya ɗauka. Na ce wallahi ban sani ba, na'ura ce za ta faɗa.

Dakta ta saurare ni a tsaye a ƙofar ofishinta, ta ajiye abin da take yi ta biyo ni. Fentin ya yi taurin kai a cikin asid, sai da rana ta karkata kafin ya narke. Ta sa na raba ruwan kashi-kashi tun kafin a kunna wuta, wani a yadda yake, wani an tsinka shi da ruwa sosai, wani an ƙara tsinkawa, don kada mu ɓata gas muna gyara a gaban na'ura.

Ƙa'idar aikin ita ce kafin a ba na'ura abin da ba a sani ba, sai an fara ba ta ruwan da babu komai a ciki, sannan jerin ruwan da mu muka zuba masa dalma da awo, don ta san ma'auni. Wannan yana cin gas. Na kalli allurar, ta riga ta shiga ja. Na ce wa Dakta ko za mu tsallake, mu tafi kai tsaye kan fentin, tunda so muke kawai mu san akwai ko babu.

"In kika tsallake, me za ki kai wa likita? Zato? Kuma da zato za ki je ki gaya wa mutumin nan shi ne? Fara da farko."

Oga Makulli ya kunna. Wutar ta tashi shuɗiya, siririya. Na sa bututun a ruwan da babu komai, lamba ta zauna a sifili. Na bi ma'aunan ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai an jira lambar ta daina rawa, a kurkure bututun, a wuce. Ina jin makullan Oga suna ƙara a bayana duk lokacin da ya leƙa silinda. Gefen wutar ya fara lanƙwasa kamar mai jin barci. Hannuna ya jiƙe a cikin safa, har na kusa kifar da kwalba. Dakta ta riƙe mini ita.

Ta ce in fara da wanda aka fi tsinkawa. Na tsoma bututun. Lambar ta tashi da gudu, ta wuce ma'auninmu mafi girma, ta ci gaba da hawa har kwamfutar ta nuna cewa ya fi ƙarfin abin da za ta iya karantawa. Na ɗauka kuskure ne. Na koma ruwan da babu komai, ya sauko sifili. Na sa na gwangwanin, ya sake tashi haka. Dakta ta zuba ruwa a wata kwalba da sauri, ta ɗiga kaɗan daga ruwan fentin a ciki, ta miƙo mini. Wannan karon lambar ta tsaya a tsakiyar ma'auni, muka samu abin rubutawa. Oga ya kashe wutar da kansa kafin ta mutu.

Dakta ta yi lissafin a tsaye, ta juyo mini da shi. Ban taɓa ganin irin wannan lamba ba a duk ruwan rijiyoyin da na auna. Ta ce ita za ta kira likitan, ta kuma sa a je a duba gidan da kyau kafin a sallame su, don garin fentin na iya maƙalewa a katifa da leda. Sauran kuma nawa ne, ta ce, kuma kada in yi shi ta waya.

Na samu Baban Ɗigo inda na bar shi, zaune a kan wata tsohuwar taya, har yanzu da gilashin a goshi. Ya mayar da murfin gwangwanin ya ɗora dutse a kai. Ban da wannan bai taɓa komai ba, ko abincin da aka kawo masa yana nan a rufe. Da ya hango ni ya miƙe.

"Shi ne?"

"Shi ne, Yaya."

Ya koma ya zauna. Na so in ce masa ba laifinsa ba ne, babu abin da aka rubuta a jikin gwangwanin da zai gane, amma na ga ba zai ji ba a lokacin. Can ya tambaye ni ko abin da ya shiga jikinta zai fita duka. Na gaya masa gaskiya, cewa magani ya fitar da mai yawa, wani zai daɗe, kuma za a riƙa auna ta ana duba maganarta da tafiyarta. Amma daga yau ba za a ƙara mata ko ƙwayar gari ba, kuma wannan shi ne abin da likitan yake nema.

Ya ce to yanzu me zai yi da hannunsa, don in ya zauna haka zai haukace. Na ce a fara jiƙa ƙasan da ruwa kada garin ya tashi, a kwashe shi da danshinsa a buhu a ɗaure, gadon da gwangwanin kuma Dakta ta ce a kai mana, akwai inda muke ajiye irinsu. Ya tashi ya ɗauko bokiti biyu, ya ba ni ƙaramin. Muka fara yayyafawa daga bakin ƙofa muna shiga ciki.

Muna tsakiyar aikin wayarsa ta yi ƙara a kan benci. Ya duba, ya ga Yaya ce. Ya goge hannu a wando, ya ɗauka, sai kuma ya tsaya yana kallonta tana ringi.

Na ce ya ba ni in gaya mata.

Ya girgiza kai. Ya ce ni na yi nawa, wannan nasa ne. Ya danna, ya kai kunne, ya fita bakin titi inda ƙarar guduma ta yi sauƙi. Ni kuma na ci gaba da zuba ruwan.